Babi Na Sha Bakwai

Rabin farko a Duluth na yi shi,
a ƙaramar kwaleji bisa tudu,
inda kuɗin zango bai kai hayar ɗaki ba.
Madam Halvorson ta ba mu ƙashi ɗari biyu da shida,
muka haddace su kamar sunayen dangi.
Ta ba mu tsoka, ta ba mu jijiya,
ran ƙarshe ta rufe littafi a babi na sha shida,
ta ce, "Saura sai bayan hutu, kada ku yi nisa."

Na yi nisa.
Ba wani nisan kirki ba, gada ɗaya ce,
mota kan haye ta shayina bai huce ba.
Tsallaken ruwa, a Superior, aka ba ni tallafi,
ajinsu kuma na yamma ne,
bayan na tsame hannu daga wankin kwanukan otel.
Mista Pelkey na ofishin rajista ya duba takardata,
ya danna hatimi, ya ce lamba ta dace da lamba.
Bai yi ƙarya ba, lambobin sun gaisa,
littattafan ne ba su san juna ba.

Ranar farko Farfesa Niemi ya shigo
da ƙanƙara a kafaɗar kwat ɗinsa,
ya zana zuciya a allo, ya ce,
"Babi na sha takwas. Na sha bakwai kun gama shi bara."
Kawuna arba'in suka gyaɗa.
Nawa ma ya gyaɗa, munafuki,
alhali ko warin babin bai taɓa ji ba.

Can sun bar wa na gaba,
nan sun jingina wa na baya,
babin ya suɓuce daga kan gada ya faɗa tafki,
ko ƙarar faɗuwarsa ba a ji ba.
Shafi talatin da huɗu
kan sinadaran da ke yawo a jini suna kai saƙo,
wanda ke cewa yi barci, wanda ke cewa girma,
wanda ke buɗe wa sukari ƙofa.

Gwajin farko na ci hamsin da takwas.
Na ajiye takardar a teburin kicin, na kifa ta.
Babana Arvo na zaune gefe,
shi da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen loda wa jirage tama,
yana huda yatsa kamar kullum kafin abinci.
Ya juya takardar da hannun da ba jini,
ya ce, "Linnea, me tambaya ta tara ke nema?"
Na ce, abin da ke faruwa in sukari ya yi ƙasa.
Ya yi dariya har tabarau ya zame.
"Hannu ya ɗau rawa, gumi mai sanyi ya keto,
ka ji haushin kowa ba dalili.
Shekara ashirin da biyu ina zaune a babin nan,
ba ki taɓa ƙwanƙwasawa ba."

Na ji kunya, irin wadda ba ta maki ba.

Dare tara muka yi.
Ni da sunayen Latin, shi da kwalbar insulin daga firji.
In na karanta ya ce, "Haka ne,"
wani lokacin ya ce, "Marubucin nan bai taɓa farkawa ƙarfe uku ba."
Na koyi inda yake sa allura, na koyi dalili,
na ga tabon cikinsa da riga ke ɓoyewa.

Yanzu takardar sakamakona layi biyu ce,
hatimi biyu, gari biyu.
Ba gurbin da za a rubuta teburin kicin.

Jiya Solveig ta tare ni a tashar bas,
ita ma tana son raba nata kwas ɗin.
Na ce, raba, in aljihu ya ce a raba,
amma karɓo manhajar can da ta nan,
ki shimfiɗa su gefe da gefe, ki ƙirga da yatsa.
Ta ce, in ta tarar da rami fa?
Bas ya iso kafin in ba ta amsa.